Wanda yake barci lokacin mitin shi ma ɗan tim ne

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka ɗan bani fili in faɗi abinda ya daɗe yana damuna. Ni mai rubuta manhaja ne, a tim ɗinmu wasu suna Kalifoniya wasu Bangalore ta Indiya wasu Jamus, mutane gani suke tunda akwai manhajojin mitin da tura saƙo irin su Zoom da Slack ai shikenan aiki ya zama ɗaya, to wallahi ba haka bane.

Tsakanin Indiya da Kalifoniya awa 13 da rabi ne, in Amurka ta tura agogonta gaba a watan Maris ya koma 12 da rabi, kaga duk sanda aka sa mitin dole wani ya haƙura da barcinsa, kuma kullum waɗanda suke nesa da oga su ne masu haƙurin. Tambaya ɗaya ka tura, amsa sai gobe.

Amma abinda yafi ƙona min rai shine a yanke magana da baki a kira, kowa ya kashe kwamfutarsa ba wanda ya rubuta. Wani abokin aikinmu kwana uku cur ya yi yana gina kod, wato rubutun manhaja, akan tsarin da tuni aka soke shi a mitin ɗin da aka yi yana barci, da ya turo aikin aka ce ai an canja, ranar ko magana ya kasa yi. Ga kuma matsalar Turanci, mutum bai gane ba amma kunya ta hana shi cewa a maimaita, sai yace to kawai.

Ko a 1999 kumbon Mars Climate Orbiter na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya salwanta ne saboda ɓangare ɗaya na masu aikin yana lissafi da awon fam ɗayan da awon mita, su da suke ƙasa ɗaya ma kenan. Linux kuwa, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun 1991 dubban mutanen da yawancinsu basu taɓa ganin juna ba suke gina shi ta imel, duk gyara da dalilinsa a rubuce, wanda ya farka ya karanta ya ɗora.

Roƙona ga shugabannin tim, a riƙa juya lokacin mitin, wannan satin mu tashi da dare wancan satin su, kuma duk abinda aka yanke a rubuta shi inda kowa zai gani kafin a fara aiki da shi.

Nagode,
Wani mai rubuta manhaja