Rahoton Ayyukan Shekara: Zagayen Gonakin 'Yan Ƙungiya, Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma.

Babban aikin da ƙungiya ta yi a bana shi ne farfaɗo da zagayen gona, al'adar da dattawanmu suka saba da ita tun zamanin gayya: a taru a gonar mutum ɗaya, a bi kunya-kunya, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Taron wata-wata da karɓar kuɗin ƙungiya sun tafi yadda aka saba.

A watan Agusta aka ziyarci gonar dankalin Turawa ta wani ɗan ƙungiya a hanyar Barikin Ladi. Huɗa ta yi kyau, tazarar santimita 30 tsakanin shuka da shuka ta yi daidai, takin NPK 15:15:15 ya shiga a kan lokaci. Amma cutar ƙunar ganye ta cinye gefen kwari. Mai gona bai fara feshi ba sai da ya ga baƙin tabo, alhali maganin feshin da ake kira mancozeb rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu. A sanyi da hazon Yuli da Agusta, ana fara feshi kafin a ga komai, a maimaita duk kwana 7 zuwa 10, a jiƙa ƙarƙashin ganye, domin nan cutar take yin farin gashinta. In ruwa ya sauka kafin maganin ya bushe, an yi asarar kuɗi, sai a sake. Idan tabo ya bayyana, a koma ga maganin feshi mai haɗin sinadarin metalaxyl kamar Ridomil, a bi awon da ke jikin leda, ban da awon murfin kwalba da wasunmu suka ƙi bari.

An kuma samu wasu shuke-shuke sun yi yaushi duk da ƙasa na da laima. Aka yanke kara aka tsoma a kofin gilashi mai ruwa garau, farin zare kamar madara ya zubo. Cutar yaushi ke nan, feshi ba ya maganinta. Ana tuge shukar da ƙasar gindinta a fitar da ita, a huta da dankali, tumatir da tattasai a wurin aƙalla shekara 3, a sa masara. Iri ne ya kawo ta, domin daga ragowar girbin bara aka ɗebo shi.

Saboda haka kwamiti ya yanke shawarar a haɗa kuɗi a nemi iri mai tsabta ta hannun tashar binciken dankali da ke Kuru. Mai so ya rubuta suna da yawan buhu wurin ma'aji. Zagaye na gaba na masu noman rani ne a bakin kududdufan kuza, kowa ya zo da takalmin roba wankakke, kada a kwashi cuta daga wata gona zuwa wata.

Kwamitin Gudanarwa