Mamana, na karanta littafin sojan nan naki

Assalamu alaikum Mamana,

Ya Abuja, ya aiki? Mu nan Jos sanyi ya fara shigowa, kowa lafiya. Na san ba ni kika turo wa fejikan nan ba, a wayar Ummanki na gani, kuma kar ki wani ji kunya, na karanta tas har inda kika tsaya. Alƙalaminki na da daɗi wallahi, shi ya sa ma zan gaya miki gaskiya.

Kin iya zaɓe da kika kai labarin lokacin yaƙin basasa. Soyayya a irin wannan lokaci ba ta buƙatar kishiya ko uwar miji mai bin bokaye, yaƙin kansa ya isa ya raba masoya, mutum ya hau jirgi a tashar reluwe ba wanda ya san ko zai dawo. Wurin nan da yarinyar ke zaune gindin rediyo tana jiran labarin bakin daga ya taɓa ni. Ga shi an yi shekaru an cire darasin tarihi a ƙananan makarantu, sa'o'inki da yawa ba su san an gwabza daga Yulin 1967 har Janairun 1970 ba, wanda ba zai taɓa buɗe littafin tarihi ba zai bi naki saboda yana so ya ga ko za a yi auren. Kuma an yi aure a lokacin kam, shi kansa Gowon a 1969 ya yi nasa a Legas ana tsakiyar yaƙi.

To amma Kaftin ɗin nan naki ban gane masa ba. Dogo fari mai dogon hanci, kakinsa kullum a goge, ƙamshin turare, ya je daga ya dawo da ɗan rauni a kafaɗa wanda ma ƙara masa kyau ya yi. Wannan ai saurayin Maitama ne kika sa wa kaki. Sannan ya ba ta naira ɗari, alhali naira sai 1973 ta zo, lokacin fam da sule da kwabo ake kashewa. Kin rubuta Jihar Filato, ita kuma sai 1976, a lokacin Binuwai-Filato ce, Gomwalk ne gwamna. Ko tuƙin mota a hannun hagu ake yi sai 1972 aka juya. Waɗannan duk masu sauƙin gyara ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar. Kin ce 'yar ƙabilar Ibo ce haifaffiyar Jos, babanta na aiki a kamfanin kuza a Bukuru, sai kika ce "da rikici ya tashi iyayenta suka koma gida", layi ɗaya kika wuce. Mamana wannan layin shi ne 1966, an kashe mutane a garin nan, maƙwabta ne da ake cin kasuwa ɗaya da su, wasu an ɓoye su a ɗakunan mata wasu ba su samu mai ɓoye su ba, waɗanda suka tsira suka cika jirgi suka bar gidaje da shaguna. Yarinyar da ta ga wannan da idonta, ko ta rasa wa ko ƙane, ba za ta ga soja ta sunkuyar da kai tana murmushi a feji na uku ba. In za ta so shi sai kin nuna mana yadda aka yi, da abin da ta haɗiye, da abin da uwarta za ta ce. Can ɓangaren su Ibo kuma yunwa ta kashe yara ba adadi, ke kuma ko sau ɗaya ba a ji yunwa a littafinki ba. Akwai kuma matan da sojoji suka ɗauka ba da son ransu ba, daga baya aka kira shi aure. Irin littattafan nan sun iya shafa wa wannan hoda, ban so naki ya shiga sahu.

Wasiƙun Kaftin ɗin ma sun yi zaƙi da yawa. Kakarki da yayanta ya tafi yaƙin, in wasiƙarsa ta zo ɗan makaranta ake kira ya karanta a tsakar gida kowa na ji, matarsa na bakin murhu ta juya baya kamar ba ta saurare, gaisuwarta ce ta ƙarshe bayan ta kowa, "a gaida mutanen ɗaki", shikenan. Da wannan kalma take kwana. Ki gwada rubuta irin wannan ki gani.

Ban ce ki mayar da shi littafin makoki ba, masu karatunki soyayya suka zo nema, ki ba su, ko a yaƙi ana dariya ana kitso. In kin zo hutu akwai tsohon sojan nan na bayan masallacinmu mai ƙafa ɗaya, zan raka ki da goro, amma kar ki fara ciro waya kina rikodin, ki bari sai ya saki jiki. Ki nemi wata dattijuwa Ibo ma a nan Abuja ki ji nata bakin.

Ummanki ta ce ki daina yanke feji a daidai inda ya yi daɗi, kuma ki turo na gaba kafin Juma'a.

Naki,
Abbanki