A koya wa matasa zana layi mai gutsi-gutsi

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ja hankalin masu koyon rubuta manhaja kan layi mai gutsi-gutsi, ana raina shi amma yana ɓata zane. A Canvas, allon zane na shafin intanet, in ka ba setLineDash, umarnin da ke gutsuttsura layi, lamba 10 da 5, wato a zana 10 a tsallake 5 har ƙarshe, to in lamba uku ce sai ya maimaita su su zama shida, SVG ma, wata hanyar zane a shafin intanet, haka yake yi. Abin da ya fi damuna bakin layi ne, wato ƙarshen kowane gutsure, in ka sa shi zagaye kuma layin na da kauri sai ya cinye ratar, gutsattsarin su haɗe. Malamai don Allah ku riƙa nuna musu wannan.

Naku mai karatu