Zuwa ga Abba a Granada, kan jitar da yake son saya

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Saƙonka ya iso tare da hotunan jitar filamenko uku, na kuma ga Yuro 600 ka ce ka tara daga aikin da kake yi bayan lacca. Ummanka ta ce in hana ka, wai karatu aka tura ka ba kiɗa ba. Na ce mata yaron da ya tara kuɗi da guminsa, ya kuma nemi shawara kafin ya kashe, ba hani yake bukata ba. Sharaɗina dai ɗaya ne: ranar da sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, jita ta koma akwatinta.

Hotunan nan ba zan zaɓar maka ko ɗaya a ciki ba. Shekara talatin ina cinikin fata, ban taɓa sayen wadda ban murza da hannuna ba. Sau ɗaya na sayi kaya da ido, kuma jita ce.

Lokacin da nake kai fatun awaki Ubrique, garin nan na lardin Cádiz da ya shahara da ɗinkin jakunkuna, wani abokin ciniki ya kai ni wurin kiɗan filamenko, kiɗan gargajiyar kudancin Sifaniya, a Jerez. Daren nan ban yi barci ba. Washegari na faɗa wani shagon 'yan yawon buɗe ido, na ga wata ja tana sheƙi, na biya ko tayi ban yi ba. Da na kai wa abokin nawa, ya kwantar da ita a cinya, ya zura ɗan yatsansa tsakanin tsirkiya da wuya, ya dube ni ya yi murmushi. Ashe jitar kilasik ce mai araha, aka manna mata leda a fuska. Kama da wane ba ta wane.

To ga bambancin. Jitar kilasik an yi ta ne don sauti ya daɗe yana amo. Ta filamenko kuwa so ake ta yi magana nan take ta yi shiru, domin tana aiki ne tsakanin muryar mawaƙi, tafi, da dugadugan mai rawa, kuma idan amonta ya yi tsawo sai bugun ya cakuɗe. Shi ya sa ba ta da nauyi, jikinta bai kai na waccan kauri ba, tsirkiyoyinta kuma sun kwanta kusa da wuya.

Wannan kwanciyar ita za ka fara dubawa, tun kafin ka tambayi kuɗi. Ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuya zuwa na 12, inda wuya ya haɗu da jiki. Tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri ya kamata ka samu kusan milimita 3, na kilasik kan kai 4. Ba sai ka ɗauki ma'auni ba. Kwabon Yuro ɗaya kaurinsa ya ɗan haura milimita 2, ka zura shi: ya shige da ɗan sarari kaɗan a sama. Idan biyu za su shige a haɗe, ajiye ta. Sannan ka dawo wurin da tsirkiyoyi suke hawa a kan fuska, abin da masu garaya ke kira jaki. Daga katako zuwa tsirkiya kada ya wuce milimita 8 da yawa, wato fensir ya shige da ƙyar. Idan ya yi tsayi, yatsanka ba zai riƙa kai wa katako duka cikin sauƙi ba, kuma dukan nan da suke kira golpe rabin kiɗan ne. Don shi ake manna ledar kariya, golpeador. Za ka ji tana ɗan ziza idan an buga da ƙarfi. Kada ya tsorata ka, ana son hakan daidai gwargwado, muddin bai shaƙe sautin ba.

Batun katako, za su ce maka blanca ko negra. Blanca bayanta da gefenta na itacen ciprés ne, fari-fari mai ƙamshi, masu araha kuma kan zo da sicomoro. Asali an zaɓi ciprés ne don yana nan a ƙasar kuma ba tsada, makaɗan kuwa talakawa ne. Negra ta baƙin katako ce, palo santo, wadda shahararren makaɗin filamenko Paco de Lucía ya fito da martabarta a manyan zaurukan kiɗa. Kai ba zaure za ka ba tukuna. Ɗauki blanca.

Inda ba na son ka yi rowa shi ne allon fuska. Antonio de Torres, mutumin Almería da ya tsara siffar jitar Sifaniya ta yau, ya ƙera wata a 1862 mai baya da gefe na kwali, fuskarta kaɗai katakon kirki, tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. Abin da ake fahimta daga aikin nan shi ne fuska ce ke yin sauti. Saboda haka ka ce wa mai shago tapa maciza kake so, wato fuskar da ba fallaye aka lilliƙa ba. Kada ka tsaya a kan maganarsa. Leƙa bakin ramin tsakiya, ka dubi kaurin katakon: idan zanen itacen ya zarce daga sama har ƙasa, shi ne, idan ka ga hawa-hawa, manne ne. Baya da gefe su zama manne ba komai a kuɗinka, sun ma fi jure bushewa.

Ga wasu sunaye, don kada ka shiga shago baki buɗe. Kamfanin Alhambra, da ke Muro de Alcoy tun 1965, suna da 3F. Yamaha na da CG172SF, Cordoba na da F7, akwai kuma masana'antun yankin Valencia irin su Esteve da Raimundo. Amma jita biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya ba sa magana iri ɗaya, kamar fatu biyu daga garke ɗaya. In suna da uku a ɗaki, sa a fito da ukun.

Kai da kake Granada, ka bi ta Cuesta de Gomérez, hawan nan da ke kai wa fadar Alhambra, inda maƙera jita ke da shaguna. Yi sallama cikin ladabi, in sun yarda ka riƙe ta hannu ka ji yadda take, don kunnenka ya san abin da yake nema. Kuɗinsu dubban Yuro ne. Ka gode, ka fito. Bashi kan jita, ban yarda ba.

Ranar saye kada ka je kai kaɗai, da ɗan gari akan ci gari. Roƙi malaminka ya raka ka, ko da za ka biya shi kuɗin darasi guda. Shi ya buga, kai ka ja baya taku huɗu ka saurara, sannan ka karɓa ka ji ko ta zauna maka a hannu. In ya san ɗalibin da ke sayar da tsohuwa, a duba, sau da yawa can rabo yake. Sai dai ka hango wuyan daga kai kamar mai duban sanda, ka ga ko ya tanƙware, ka gwada zura takarda ƙarƙashin jaki ko ya fara ɗagowa, ka kuma nemi tsaga a fuska. Turakun ɗauri na katako suna da kyan gani, amma za su wahalar da sabon hannu, ɗauki masu ƙarfe. Mai na'urar lantarki a ciki ma bar ta, kuɗin waya za ka biya maimakon na katako.

Kada jitar ta cinye ɗari shidan duka. Ware abin akwati mai ƙarfi, da tsirkiyoyin canji, da cejilla (abin da ake maƙalawa a wuyan jita don ɗaga sauti), da ladan wanda zai daidaita maka ita. Ragowar na malami ne, don ƙirgen bugu 12 na soleá da bulería, salon filamenko guda biyu, a wurin mutum ake karɓarsa.

Akwatin nan da na ce, ga dalili. Waccan ja tawa na rataye ta a bango a nan Kano. Wani dare cikin hunturu muka ji ƙara kamar an tsula bulala, da safe na tarar fuskar ta tsage daga jaki har ƙasa. Jita na son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa kan sauko ƙasa da 20. Granada ma busasshen gari ne da bazara, ga na'urar ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a cikin gidan sabulu da ka huhhuda, ka rufe su tare a akwati. In za ka zo hutun Disamba, bar ta can.

Farcen hannun dama kuma, ɗan tsiri ya isa, ka riƙa goge shi da tsabtace ƙarƙashinsa. Na riga na shaida wa Ummanka don kada ta gani ta yi salati. Tana gaishe ka, ƙannenka ma haka, kuma ta ce a ƙarshe in ka saya ka turo mata muryar ta ji. Ka gaida malamin naka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.