Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a kan jakadan Maroko a fadar Ingila

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na rubuto ne domin in roƙe ka wata alfarma, tunda Allah Ya kai ka Ingila karatu.

Akwai wani tsohon zane mallakar Jami'ar Bamingham wanda nake so ka je ka duba mini da idonka. Hoton wani dattijo ne mai farin rawani da baƙar alkyabba, takobi a gefensa, yana kallon mutum kamar mai auna shi. Sunansa Abdulwahid bin Mas'ud, magatakardan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda aka aika jakadanci zuwa ga Sarauniya Elizabet ta Ɗaya a shekarar 1600.

Ya sauka a Doba, tashar jiragen ruwa a kudancin Ingila, cikin watan Agusta da tawagarsa, ya gana da Sarauniya a fadarta ta Nonsuch, ya kuma zauna a Landan kusan wata shida. A fili maganar ciniki ce ta kawo shi, domin Ingilishi suna sayen sukari da sinadarin haɗa albarushi daga Maroko, su kuma suna kai tufafi. Amma a asirce Sarki yana neman su haɗa ƙarfi ne su yaƙi Sifen, wadda ta zame wa kowannensu ƙarfen ƙafa. Mutanen gari kuwa sun zuba wa baƙin ido, har aka rubuta cewa ba sa cin yankan kowa, sai su yanka tumakinsu da kajinsu da kansu a cikin masaukinsu. Wannan ya sa na tuna da kai, da kukan da ka yi mini na wahalar samun naman halal.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan Sarkin ne ya tura Judar Basha ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591, kuma a lokacin da jakadansa ke shiga fadar Turawa ana girmama shi, Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu yana tsare a Marrakesh, an raba shi da garinsu. Haɗin gwiwar ma bai tabbata ba, kuma Sarki da Sarauniya duk sun rasu a 1603.

Idan ka samu zuwa, ka duba mini rubutun da ke jikin zanen, wanda ya nuna shekarunsa 42, ka aiko mini da hotonsa. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka, Bello