Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojojin Ruwan Najeriya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Jikata ce take rubuta wannan a wayarta, ni ina faɗa, domin hannu ya fara rawa. Idan ka ga zancen ya yi kwana-kwana ka yi haƙuri, hirar tsoho ce.

Ni ƙaramin soja ne a rundunar da kake riƙe da ita yau, na ajiye kaki tun da daɗewa. Haifaffen Fagge ne ni. Kafin in shiga aikin, ruwan da na sani bai wuce kududdufin unguwa da kogin Challawa idan ya kawo da damina ba. Jirgin ƙasa ya kai ni Ikko, aka wuce da mu Apapa. Ranar da na fara ganin teku sai na tsaya ina neman tsallake, har idona ya gaji. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahalicci ba ta gane aikin nan ba. Idan an tambaye ta cewa take ɗanta soja ne, amma na cikin kifaye.

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yulin 1967. Yau idan ana hirarsa a Kano, Murtala ake ambata, da Janar Shuwa, da sojan ƙasa. Ba laifi, su suka taka ƙasar. Amma kafin watan nan na Yuli ya ƙare, mu muka ɗauki dakarun Benjamin Adekunle ta ruwa zuwa Boni, inda ake lodin ɗanyen mai. Jirgin yaƙi NNS Nigeria na tare da mu ƙarƙashin Kyaftin Nelson Soroh, ga NNS Ogoja, ni kuma ina cikin NNS Lokoja, jirgin da ke wangame baki ta gaba ya juye sojoji a gaɓa. Da yawa cikin waɗanda muka ɗauko 'yan Arewa ne irina, ba su taɓa hawa ko kwalekwale ba. Amai kuwa ba a magana. Ƙato da bindiga, sai ka gan shi kwance ya rungume bokiti yana kiran sunan uwarsa.

Ina tuna wani Bakatsine da ya jawo rigata da asuba ya ce, “Ɗan'uwa, ina gabas?” Na nuna masa. Kafin ya gama alwala jirgi ya juya, gabas ta koma bayansa. Ya dube ni kamar na yaudare shi. Ruwan ma da guga na jawo masa daga teku, da ya kurkure baki ya tofar, ya ce wannan ai miya ce aka cika wa gishiri. Na ce malamai sun ce yana tsarkakewa, ya yi sallarsa Allah ya gani. Na ga saukarsa a Boni. Ban sake ganinsa ba.

A watan Oktoba aka yi na Kalaba. A can na rasa abokina, mutumin Ijebu, wanda gadonsa ke saman nawa. Shi ya gyara min iyo, shi ya koya min shan garin rogo da ruwan sanyi lokacin da nake mafarkin tuwo da miyar kuka. Ana cikin ruwan harsashi ya faɗa kogi. Mun duba iya dubawa. Sojan ƙasa idan ya faɗi akan samu inda za a ce nan ne, shi kuwa ruwa ya rufe, shi ke nan. Ni na ɗaure kayansa: bargo, reza, da hoton wata yarinya da ban san sunanta ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, ranka ya daɗe, kuma na daɗe ban faɗa wa kowa ba. Babban aikinmu a yaƙin shi ne toshe teku, kada jirgi ya shiga yankin Biyafara. An ce mana makamai muke tarewa, kuma gaskiya ne. Sai dai hanyar da bindiga ke bi ita busasshen kifi da magani suke bi. Daga baya a Fatakwal na ga yaran da idona: ciki kamar ƙwarya, ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya yi ja. Na yi rantsuwa zan kare ƙasar nan ta zauna ɗaya, na kuma cika, ban ce na yi nadama ba. Amma duk wanda ya ce maka ya tsaya gadi a tekun nan kuma barcinsa bai taɓa yankewa ba, ka ƙara tambayarsa.

Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, mun shekara da shekaru muna ciniki. Wata rana hira ta kai mu can, ya ce iyayensa sun gudu da shi daga Kano a 1966, yana yaro ya ci ƙadangare a daji. Ya ce, “Baba, kai kana ina lokacin?” Na gaya masa. Muka yi shiru. Can ya tura yaronsa ya sayo min lemo.

Ba kuɗi na zo nema ba. A 2021 da aka ce sojan ruwa za su kafa sansani a Kano, gari ya ɗauka da dariya, ana cewa ko a dam ɗin Tiga za a sa jiragen. Ni ban yi dariya ba. Yanzu ga kwalejinku a Dawakin Tofa, tafiyar da ba ta da nisa daga ƙofar gidana. Roƙona shi ne ka sa a turo ɗaliban nan, ko biyu-biyu, su zauna da mu da na'urar ɗaukar murya. A ɗauki komai, har abin da ba shi da daɗin ji, da Hausa ga wanda Turancinsa ya tsere. A kuma samu bango guda a kwalejin a rubuta sunayen waɗanda ruwa ya ci, na Kudu da na Arewa, yadda ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, idan ana ajiye furanni ana sakin tantabaru, za a samu abin karantawa. Sunan abokina yana bakina, zan bayar.

A yi da wuri don Allah. Mu da muke haɗuwa a wajen ɗaurin aure da jana'iza yanzu ba mu cika tabarma ɗaya ba, ɗayanmu ma ya fara rikita Boni da Kalaba. Idan za su zo, su zo da hantsi, lokacin kaina ya fi zama daidai.

Naka,
Tsohon sojan ruwa,
Fagge, Kano.