A Ba Mu Ragowar Labarin Wanda Ya Kafa Daular Ming

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na saurari shirinku na tarihi kan sarakunan ƙasar Sin, kuma kun yi ƙoƙari. Sai dai da kuka zo kan Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368, kun ce talaka ne da ya zama sarki, kuka wuce. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi daɗin ji, amma ba shi ne ya fi muhimmanci ba.

Talaka ne futuk, babu musu. An haife shi a 1328 a yankin da yau yake cikin lardin Anhui. A 1344 fari da annoba suka ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da yayansa, har wurin binne su sai da wani mai gona ya ba da. Ya fake a gidan ibadar mabiya Buda don ya sami na sawa a baka, can ma hatsi ya ƙare, ya fita bara. Da gwamnatin Mongol ta daular Yuan ta tilasta wa manoma aikin gyaran Rawayan Kogi a 1351, tawayen masu jan rawani ya ɓarke. Ya shiga cikinsu a 1352, ya ci Nanjing a 1356, a 1368 kuma dakarunsa suka kori sarkin Mongol daga birnin da ake kira Beijing a yau.

Bai manta da yunwa ba. Ya sa an ƙidaya gidaje, an auna gonaki an rubuta, don kada masu ƙarfi su ɗora harajinsu a kan marasa ƙarfi, kuma jami'in da aka kama da cin hanci yana iya rasa kansa. Ina girmama shi a kan wannan.

To amma mutumin nan bai yarda da kowa ba. A 1380 ya zargi wazirinsa Hu Weiyong da shirya juyin mulki, ya kashe shi, aka yi ta bin mutane da wannan zargi fiye da shekara 10, har waɗanda aka kashe suka kai wajen 30,000. A 1393 ya maimaita da sarkin yaƙinsa Lan Yu, wanda ya ci masa yaƙi da Mongol. Ana bulale manyan malamai a tsakiyar fada. Abin da ya fi damuna shi ne ya soke muƙamin waziri gaba ɗaya, ya hana magadansa dawo da shi, komai ya koma hannun sarki shi kaɗai. Shi yana da ƙarfin karanta takardu dare da rana. Zuriyarsa fa? Sarki Wanli ya shafe shekaru masu yawa ba ya fitowa zaman fada, muƙamai suka zauna babu masu riƙe su. Daga baya babannin fada, wato barorin sarki da aka dandaƙe, irin su Wei Zhongxian suka zama su ne masu wuƙa da nama. A 1644 manoman da yunwa ta tayar, ƙarƙashin Li Zicheng, suka shiga Beijing, sarki Chongzhen ya rataye kansa a tudun bayan fada.

Yara da yawa suna sauraron shirin nan, Edita, kuma bai kamata su tashi da zaton shan wahala kaɗai yana sa shugaba ya yi adalci ba. Ina roƙon ku ware kashi guda ga mulkin wannan sarki daga 1368 zuwa rasuwarsa a 1398, ku gayyato masanin tarihin Sin, ku kuma buɗe layin waya.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya